Ruwan Matakalar Sama

Akwai wani dattijo da duk garinsu ke kira Kyaftin, alhali bai taɓa ganin teku da idonsa ba. Abin da ya tuƙa duk rayuwarsa shi ne kwale-kwalen haya, a kan wani ɗan ƙaramin dam da ke bayan tsohuwar masaƙa.

Masaƙar ce ta gina dam ɗin, tun zamanin da injinanta ke ruri ba dare ba rana. Ba don noma aka yi shi ba, ba kuma don ruwan sha ba. Wani rafi aka tare da bangon ƙasa domin ma'aikata su sami wurin shan iska ranar hutu. Aka jera kujerun siminti, aka yi matakala mai gangarawa har cikin ruwa. A gefe guda aka bar makwarara, wato faffaɗar ƙofa ta kankare wadda ruwa ke bi ya fice idan dam ya cika, don kada ya hau kan bangon.

Kyaftin yana saurayi aka damƙa masa jiragen. A nan ya fara ganin wadda ta zama matarsa. Tana zaune a matakalar sama, ta tsoma ƙafafunta a ruwa, tana yi masa dariya. Ta ce a cikin jirgi mutum ne har da rabi, amma da ya taka ƙasa sai ya koma tafiyar agwagwa. Sunan ya bi shi har ɗakin aure. Duniya ta ce Kyaftin, ita ta ce Agwagwa, kuma ita kaɗai ke da wannan izini.

Daga baya masaƙa ta mutu. Masu ita suka kwashe injina, suka sa kwaɗo a ƙofa, suka bar dam ɗin kamar maraya a bakin kasuwa.

Shekaru suka yi ta tafiya. Laka ta taru a ƙasan ruwa. Itatuwa suka tsiro a kan bangon, saiwoyinsu suka kutsa cikinsa. Gara ta yi gida, gafiyoyi suka yi nasu. Ƙarfen da ake murɗawa a saki ruwa ta ƙasa ya yi tsatsa ya ƙame, ko ƙato goma ba su motsa shi. Babu wanda ya zo ya duba, ko sau ɗaya.

A ƙarƙashin bangon kuwa, inda rafi yake bi a da, mutane suka yi ta gina gidaje har unguwa ta tashi. Cikin masu zama a wurin akwai 'yar Kyaftin guda ɗaya tilo, da mijinta mai walda, da 'ya'yansu.

Ana nan sai tsufa ya taɓa wa matar Kyaftin ƙwaƙwalwa. Da farko mantuwa ce irin wadda ake yi wa dariya, ta ajiye mabuɗi a tukunya, ta nemi ɗankwalin da ke kanta. Sannu a hankali sunayen jikoki suka zube. Wata safiya Kyaftin ya shigo ɗaki da kofin shayinta, sai ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Bawan Allah, wa kake nema?" ta ce. "Mai gidan ba ya nan."

Ya ajiye kofin a hankali, ya fita tsakar gida ya tsaya yana kallon bango. Tun daga ranar ya zama baƙo a ɗakinsa. Shi ke yi mata wanki, shi ke ba ta abinci a baki, ita kuma ta yi masa godiya irin wadda ake yi wa mutumin kirki da aka haɗu da shi a mota.

Wata damina aka yi ruwa mai yawa, dam ya cika har ya taɓo matakalar sama, abin da aka daɗe ba a gani ba. Da la'asar Kyaftin ya riƙo hannunta suka taka a hankali don ta sha iska. Ya zaunar da ita, ya cire mata takalmi. Ƙafafunta suka shiga ruwa.

Ta sunkuya tana kallon yadda ruwan ke lasar idon sawunta. Sai ta ɗago ta ƙura masa ido.

"Agwagwa! Yaushe ka yi furfura haka ban sani ba?"

Dattijon ya durƙusa a gabanta hawaye na bin gemunsa.

"To mene ne na kuka kuma?" ta ce. "Ga dam cike da ruwa, sai ka ƙara masa?"

Suka yi hira har rana ta yi ja. Ta tambaye shi jiragensa, ta yi masa faɗa a kan rigar da bai goge ba. A hanyar komawa gida, tun kafin su wuce katangar masaƙa, ta zare hannunta daga nasa ta ce ya yi haƙuri, ita matar aure ce.

Washegari ya sake kai ta, ta sake saninsa. Jibi ma haka. Amma ruwan da ya wuce kima yana ta ficewa ta makwarara, kamar yadda aka tsara tun farko. Ba a daɗe ba ya janye ya bar matakalar sama a bushe. Matakalan ƙasa sun farfashe, gwiwoyinta kuma ba su sauka. Ya ɗebo ruwan dam a baho ya kai mata ɗaki, ta dube shi ta ce wa ya gaya masa tana son wankin ƙafa.

Sai ya tafi wajen amininsa Magini, wanda suka tashi tare tun suna yara.

"So nake ka jera mini bulo a bakin makwarara," in ji Kyaftin. "Layi ɗaya ko biyu. Ruwan ya tsaya inda nake so."

Magini ya sosa ƙeya. "Kai fa tsohon banza ne. Waɗanda suka bar ƙofar nan a buɗe mahaukata ne?"

"Waɗanda suka bar ta suna ina yanzu?"

"Ka san ni gini na sani, ban san ruwa ba."

"Ni na san ruwa. A matakalar nan ta kira ni da sunana, Magini. Ka ji ko ba ka ji ba?"

Magini ya dube shi ya kau da kai. Da rani ya shigo makwarara ta bushe, ya kawo bulo da siminti ya yi aikinsa, kuma ya yi shi da kyau, don bai iya aikin ha'inci ba.

Damina ta dawo, ruwa ya hau matakalar sama ya zauna. Gari ya ɗauka da murna. Aka ce dam ya koma saurayi. Masu kamun kifi suka dawo da ƙugiyoyinsu, mai shayi ya kafa teburinsa, amare da angwaye suka riƙa zuwa ɗaukar hoto. Kowa ya ga bulon, kowa ya sa wa Kyaftin albarka. Da ruwan ya ɗan ja a ƙarshen rani, sai ya sa Magini ya ƙara wani layin.

Shi ba ruwansa da masu hoto. Abin da ya sani, kullum la'asar yana da mata.

A can ƙasa kuma, 'yarsa ta lura gindin bangon ya fara danshi, ciyawa ta yi kore shar ko da rani. Ta ce wannan arziki ne ya biyo ta har gida. Ta sa aka haƙa ɗan rami a wurin don ruwan ya taru, ta shuka tumatir da albasa. Maƙwabta suka gani, su ma suka haƙa nasu. Kun ga yadda abin yake: uba yana ƙara wa bango kaya ta sama, 'ya tana rarake shi ta ƙasa, kuma kowanne da zuciya ɗaya yake yi.

Ana cikin haka ƙanwar mai walda ta zo musu hutu. Injiniya ce, aikinta duba gadoji da magudanan ruwa a wani gari. Matar yayanta ta ja ta lambu don ta nuna mata tumatir. Injiniya ba ta ko kalli tumatir ba. Ramin ta tsaya kallo, inda ruwa ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa kamar tukunya ta fara tafasa.

"Anti, ba ni kofin gilashi."

Ta ɗebi ruwan ta ajiye a kan dutse. Bayan ɗan lokaci jar ƙasa ta kwanta a gindin kofin.

"Tun yaushe ya daina fitowa garai-garai?"

"Bana ne ya fara. Ai ba sha muke yi ba, ban-ruwa ne kawai."

"Anti, wannan jar ƙasar naman bangon nan ne. Ruwa yana cin sa ta ciki yana fito muku da shi."

Ta hau kan bangon tana tafe tana duba. Ta ga tsaga doguwa a tsawonsa, wadda ciyawa ta rufe. Ta ga ramukan gafiya. Da ta isa makwarara ta ga bulo jere da siminti, sai ta dafe kai.

Suka sami Kyaftin yana shafa wa wani jirgi fenti. Injiniya ta rusuna ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta faɗa masa abin da ta gani, ba ƙari ba ragi. Ta ce bangon ƙasa ba ya jure ruwan da ya wuce ma'auninsa, kuma ranar da ruwa ya hau ta kansa, ba ya ba da sanarwa. Ta ce dole bulon nan ya tashi kafin damina ta yi ƙarfi.

Kyaftin bai ajiye burushinsa ba. "Yarinya, tun ba a haifi uwarki ba nake kan ruwan nan. Dam ɗin da ya ga ambaliyar da ta tafi da gadar kasuwa, shi ne bulo zai kayar?"

"Baba, lokacin yana da ƙuruciya, kuma ƙofarsa a buɗe take."

"An koya muku tsoro a makaranta, kun zo kuna rabawa kyauta."

'Yarsa ta matso. "Baba, jikokinka a ƙarƙashinsa suke kwana."

Nan ya juyo, idonsa ya kaɗa. "Uwarki fa? Ke kin san abin da ake ji, mutum ya yi shekara da shekaru da mace, ta dube shi ta ce wa kake nema? Ke kina da miji da ya san ki. Ku bar mini abin da ya rage mini."

'Yar ta sa gefen mayafi ta share ido. Ita ma ranar da ta je matakalar ce kaɗai uwarta ta kira ta da sunan da take kiranta tana ƙarama.

Injiniya ta ga abin ya fi ƙarfin gida, sai ta nufi ofisoshi. Ku saurara da kyau a nan, don nan ne babban laifin yake. Wakilin tsohon kamfani ya ce sun daɗe da miƙa wa hukumar gari. Hukumar gari ta ce ruwa ba aikinta ba ne, a je ma'aikatar ruwa. A ma'aikatar ruwa wani babban jami'i ya saurare ta yana danna waya, ya ce su manyan madatsu suke dubawa, wannan ai kududdufin wasan yara ne. Kududdufi! Abin da ke riƙe da ruwan da zai share unguwa guda a rana tsaka, a rasa mutum ɗaya mai albashi da zai ce wannan a wuyana yake. Ta ce to a zo a gani da ido. Aka ce motar ofis ba ta da lafiya.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Aka yi ruwan farko, aka yi na biyu.

Wata safiya 'yar ta aika wa mahaifinta cewa ƙafarta ta gurɗe, ba za ta iya kawo maganin uwarta ba, ya zo ya karɓa. Kyaftin ya gangara unguwar. Ya saba zuwa gidan, amma kullum a zaure yake tsayawa a gaisa ya juya. Ranar sai da ya shiga har tsakar gida, inda take zaune ta miƙe ƙafa.

Yana jiran ta ƙulle masa maganin, sai ya ɗaga kai.

Bangon dam ne a tsaye a bayan gidan, ya fi rufin tsawo nesa ba kusa ba, ya tare rabin sama. Duk rayuwarsa daga sama yake kallon dam, inda ruwa yake shimfiɗe lumui kamar tabarma. Bai taɓa tsayawa a ƙasa ya kalle shi ba. Ya gane inda matakalar sama take daga bishiyar da ke kusa da ita, ya auna da ido. Ruwan da matarsa ke tsoma ƙafa a ciki yana can sama da kan kowa a unguwar. A kan igiya kayan makarantar jikokinsa ne ke shanye, ƙananan riguna suna kaɗawa. A bakin ƙofar ɗaki takalmansu ne a zube, wani ƙafa ɗaya a kife.

"Baba, ga maganin."

Ya karɓa ya juya. Har ya kai zaure bai ji sallamar da take yi masa ba.

Da la'asar ya kai matarsa matakala kamar kullum. Ya cire mata takalmi, ya jira. Da hasken ya dawo idonta, ta dube shi ta ce, "Agwagwa, yau wa ya taɓa ka? Fuskarka kamar an aiko maka da mutuwa."

Bai taɓa gaya mata tana mantuwa ba. Ranar ya gaya mata duka. Ya ce idan sun bar wurin nan ba ta saninsa. Ya gaya mata bulon, da jar ƙasar da ke fita, da gidan 'yarsu a ƙarƙashin bango.

Ta juyo ta dube shi.

"Wato a gida ban san ka ba?"

"Ba ki sanina."

"Ina yi maka rashin kunya?"

"A'a. Godiya kike yi mini."

Ta yi 'yar dariya. "To da sauƙi, tarbiyya ba ta zube ba." Sai ta kama hannunsa da ƙarfin da bai san tana da shi ba. "Amma kai wautarka ba ta tsufa. A kaina za ka nutsar da 'ya'yan mutane? Da wane ido zan tashi gaban Allah? Gobe ka fasa abin nan."

"Idan na fasa, ba za ki ƙara sanina ba."

"Kai ka san ni?"

"Na san ki."

"To ya wadatar. Ka riƙe mana mu biyu."

Suka zauna har sanyin yamma ya sauko, bai yi gaggawar tashi ba. Ya tambaye ta duk abin da ya tuna yana so ya tambaya, har da inda ta koyi waƙar da take yi idan tana shara. Da ya ga duhu zai kama su, ya sa mata takalmi da hannunsa.

Da safe ya ɗauki babbar guduma ya buga wa Magini ƙofa.

"Tashi, tsohon banza. Abin da muka ɗaura za mu kwance."

"Ni dama na san aikin nan sau biyu zan yi shi," in ji Magini, yana neman hularsa.

Injiniya ta zo ta tsaya a kansu. Ta hana su rushe shi gaba ɗaya, ta ce ruwan zai fita da haukan da zai yi ɓarnar da ake gudu. Sai a cire layin sama, a bar ruwa ya sauka ya daidaita, sannan a taɓa na ƙasa. Ta sa mutanen unguwa suka cike ramukan lambunsu da yashi da tsakuwa, 'yar Kyaftin ce ta fara, tana kallon tumatirinta tana zuba.

Mutanen sama ba su ji daɗi ba. Mai shayi ya ce tsufa ya kama Kyaftin shi ma. Masu kifi suka ce wata 'yar boko ta zo hutu ta kashe musu wuri. Waɗanda suka sa masa albarka bara su ne suka tsaya a gefe suna yi masa habaici. Kyaftin ya ci gaba da aikinsa. Yana buga guduma, yana jin kowane bugu a ƙirjinsa.

Ruwa ya bar matakalar sama. Ya bar wadda ke biye da ita. Ya ci gaba da sauka yana barin laka mai wari a baya.

Ba a yi nisa da cire layin ƙarshe ba, wata rana da azahar gari ya yi baƙi ƙirin. Aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya, aka ƙi ɗaukewa. Injiniya da yayanta suka bi gida-gida suna fitar da mutane zuwa makarantar da ke kan tudu. Kyaftin ya bar matarsa wajen maƙwabciya, shi da Magini suka tsaya a gefen tudu suna kallo, ruwa na dukansu.

Rafin ya shigo da itace da tarkace. Dam ya kumbura. Makwarara ta cika baki da baki tana ruri, ko maganar na kusa ba a ji. Duk da haka ruwan ya yi ta hawa, ya shanye matakalar sama, ya tasar wa kan bangon. Can sai wani ɓangare na bayan bangon ya zame, ya zubo a kan lambunan ya binne su. Mata suka sa salati daga tagogin makaranta.

Ruwan ya tsaya, saura kamar taƙi ɗaya na hannu ya haye. Ya daɗe a nan kamar mai shawara. Sannan ya fara sauka.

Magini ya share fuska da tafin hannu, ya dubi makwarara inda bulonsa yake a da.

"Kyaftin, da a ce..."

"Yi shiru," in ji Kyaftin. "Na sani."

Babu wanda ya mutu. Ko akuya ba a rasa ba.

To, ina masu ofis? Sun zo, bayan komai ya lafa, motar tasu ta warke. Suka ɗauki hoto a gaban inda ya zame, suka kafa allo mai cewa an hana wanka, suka tafi. Bangon da ya tsage ba su taɓa shi ba, ƙarfen da ya yi tsatsa ba su dube shi ba. Injiniya ce, kafin hutunta ya ƙare, ta haɗa mutanen unguwa suka ɗora manyan bututu masu zuƙo ruwa ta kan makwarara suka ƙara rage ruwan, ta ce a nan zai zauna har ranar da za a sami mai gyara. Dam ya koma ɗan tafki a tsakiyar fili, jiragen Kyaftin suna kife a kan busasshiyar laka.

Mutanen unguwar ƙasa ba su manta ba. Ba su iya mayar masa da ruwa matakalar sama, sai suka ce za su kai matarsa wajen ruwan. Maza suka fito da shebur suka yi hanya mai gangara a hankali daga bakin matakala har sabon bakin ruwa, Magini ya daɓe ta da siminti. Mai walda ya ƙera kujera mai taya, ya sa mata katifa. Har mai shayi ya zo ya ɗauki yashi, yana cewa shi dama tun farko ya san Kyaftin na da gaskiya.

Ranar da siminti ya bushe, Kyaftin ya sa rigarsa mai guga. Ya tura kujerar a hankali har ƙarshen hanya. Mutane suka tsaya daga nesa don kada su takura musu. Ya durƙusa ya cire mata takalmi, ya sauke ƙafafunta cikin ruwa, ya jira.

Ta motsa yatsunta. Ta dubi ruwan, ta dubi faɗin lakar da ta kewaye su, ta waiwaya ta hangi matakalar can sama a bushe. Sannan ta dube shi da fara'a.

"Sannu da ƙoƙari, bawan Allah. Allah ya saka maka."

"Amin," in ji shi.

"Idan ba ka sauri, ka ɗan zauna. Mai gidana yana cikin ruwa da jirgi, yanzu zai fito. Za ka gane shi da ka ga tafiyarsa."

Kyaftin ya gyara rigarsa ya zauna a kan siminti kusa da kujerar. Ta ɗora hannunta a kafaɗarsa don ta ji daɗin zama, ta mai da idonta kan ruwa.

"Ba na sauri," ya ce.

Suka zauna suna jiransa.

Darasi: Ƙauna ba ta zama hujjar ɗora wa bango abin da ba zai iya ɗauka ba, kuma wanda ya bar abin da ransa ke so don kada wasu su halaka, ya yi abin da ba kowa ke iyawa ba. Amma kada mu tsaya a tausayin dattijo mu manta da masu laifin gaske. Ba aikin tsoho mai guduma ba ne ya zaɓa tsakanin matarsa da jikokinsa. Da an riƙa duba dam ɗin nan, an yashe lakarsa, an gyara bangonsa, da ba a kai ga haka ba. Duk wani tsohon dam da ke garinku, komai ƙanƙantarsa, ku gangara ku kalle shi daga ƙasa. Ku tambaya a wuyan wa yake, yaushe rabon da a duba shi, kuma kada ku karɓi "ba aikinmu ba ne" a matsayin amsa. Ku tura wannan labari ga duk wanda ke kwana a ƙarƙashin ruwa bai sani ba, ku kuma tura shi ga waɗanda ake biya don su sani.